Mutumin Bayan Gado

A Sheffield ruwan sama ba ya sallama.
Ƙarfe uku na dare, hutun minti ashirin,
ina zaune bayan ɗakin hoton ƙashi,
shayi ya huce, tafin ƙafa na zogi.
Na zaro takardun da Barira ta cusa
cikin jakar abincina, ƙarƙashin burodi.

Shafi tara, ɗinke da zaren ulu.
A sama ta rubuta: Baba, kada ka gyara min.

Na san shirin. Duk daren Laraba
suke kallonsa ita da ƙawarta Tamsin:
likitoci kyawawa suna gudu a baranda,
suna soyayya tsakanin tiyata da tiyata.
Can bayansu akwai wani baƙi mai shuɗiyar riga
yana tura gado. Daƙiƙa huɗu.
Bai ce uffan ba, ko suna ba a ba shi ba.
Kyamara ta wuce shi yadda ake wuce ƙyaure.

Shi Barira ta tsaya ta ɗauka.

Ta raɗa masa Ɗanlami.
Ta ba shi ciwon gwiwa da bashin haya
da uwa a Gumel mai bugo waya ran Juma'a
tana tambaya ko yana cin abu mai zafi.
Ta sa ya san abin da likita bai sani ba:
tsohuwar gado na shida ba allura take tsoro ba,
silin take tsoro, yadda fitilu ke gilmawa
ɗaya bayan ɗaya in ana tura ta.
Sai ya rage sauri.
Sai ya yi mata ɗan guɗa-guɗan waƙa ƙasa-ƙasa.

Wa ya gaya wa yarinyar nan? Ni ban taɓa faɗa ba.

Bara na ce mata, wannan ai kayan aro ne,
kayan aro kuwa ba ya rufe katara,
ƙirƙiro naki, bar wa mutane nasu.
Ta dube ni ta saman gilashinta:
"Kaka Tasalla fa? Ita ta ƙera tatsuniyoyinta?"

Bakina ya mutu.
Kaka Tasalla a gefen tabarma,
tatsuniya ɗaya, dare bakwai, ƙarshe bakwai.
Ranar da ƙanina ke zazzaɓi, kura ba ta ci kowa ba.
Ranar da muka sace mata gyaɗa, kura ta cinye gari.
Gada ta yi daga uwarta, ta rage nan, ta ƙara gishiri can,
ba a taɓa kiran ta ɓarauniya ba.
Takan ce ƙurunƙus, ta hure fitila,
mu kuwa mu ja labarin cikin mayafi
mu kai shi inda ita ba ta kai ba.

Ran Asabar a laburaren unguwa
su shida suke kewaye hita.
Tamsin ta tashi wanda aka kashe a shirin,
don a watan ne kakanta ya rasu.
Declan mai in-ina ya ba jarumin in-ina,
kuma bai warkar da shi ba, haka ya ci nasara.
Ba mai biyan su ko fam guda.
Suna miƙa wa juna takardu
kamar maƙwabta da kwanon tuwo:
ba ya komawa gida wayam.

Rediyon ƙuguna ta yi ƙara.
Ɗaki na sha biyu, a kai dattijo hoto.
Na ninke shafukan, na sa a aljihun ƙirji.
Duk da Turanci ta rubuta, ban da maganar uwar Ɗanlami,
nan kuwa akwai kuskure uku.
Ban gyara ba.

Dattijon ya kafa wa silin ido,
yatsunsa na rawa a bakin bargo.
Na kama ƙarfen gadon, mai sanyi.
Fitila ta farko ta wuce mu.
Na rage sauri.