Farin Ƙyalle a Kan Tudun Lima

Ƙarfe huɗu na asuba nake farkawa in nemi kwanon kwaɓi,
ko da babu mai saye.
Hannu bai san dokar kulle ba.

Shekara goma sha ɗaya na koyar da lissafi a Barquisimeto.
A nan lissafin ya juyo kaina:
kuɗin ɗaki, kuɗin tukunyar gas,
maganin hawan jinin Mama Eufrosina can gida.
Ragowar sifiri ne.
Na san sifiri, ni na koya wa yara shi.

Kafin annoba, a bakin tashar Bayóvar,
arepa talatin kan ƙare kafin rana ta leƙo,
in ma ta ga damar leƙowa,
don saman garin nan jiƙaƙƙen bargo ne,
ba ya zubar da ruwa, ba ya bushewa.
Direbobi na miƙo hannu ta taga: "Ƙaro cuku, malama!"

Sai rediyo ya ce kowa ya zauna gida.
Gida!
Da masu gida ake magana.
Don Teófilo yana buga mini ƙofa duk Asabar,
takunkumi ya rufe bakinsa,
idonsa kuwa a buɗe, yana ƙirga kwanaki.

Tallafi ya zo, amma yana tambayar lambar ɗan ƙasa.
Yunwata ba ta da lamba.

Rana ta arba'in na tura amalanke na fita.
Ban sayar da huɗu ba jami'ai suka iso,
suka ɗaga shi cak zuwa bayan mota,
da gas ɗin, da kaskon da na ɗauko tun daga gida.
Sha takwas suka zube a kwalta.
Tattabaru suka yi buki,
su ba a tambayarsu takarda.

Wilmer mai kofi ya saɓa 'yarsa a wuya,
ya kama hanyar komawa da ƙafa.
Saƙonsa na ƙarshe daga Tumbes:
"Takalmi ya mutu, mu muna nan."

Daren da shinkafa ta ƙare,
Yeiber ya yage farar rigar makarantarsa,
ya ɗaura a sandar shara, ya kafa a taga.
Na ce sauke.
Ya ce, "Mama, dubi tudun."
Na duba. Farare ne har inda hazo ya tsaya.

Da safe ga Doña Hermelinda,
wadda ta taɓa ce mini baƙi sun ƙwace mata masu ciniki,
tana haki, tana jan tukunyar da yaro zai iya wanka a ciki.
Ba ta gaishe ni ba.
Ta ce, "Kin iya hura itace?"

Yanzu ni ke riƙe da ludayi.
Dankali kilo bakwai, ƙafar kaza kilo biyu,
baki sittin da uku.
Ina rabawa, ina sake rabawa,
kullum sai amsar ta ƙi fita daidai,
kullum sai mu ƙara ruwa.