Wurin da Bai Taɓa Ba

A Suwame, bayan shagon da ake sayar da injin haƙar zinariya,
na sayi ƙusoshi, aka ƙunshe mini su da watan Yuli
na wata kalandar bara.
A gida na warware, na goge man inji da bakin riga,
sai ga dutse.

Dogo, kamar baƙon da ya miƙe zai yi sallama,
baƙi-baƙi, toka-toka,
ba shuɗi, ba ko ɗigon rawaya,
ni da na shekara talatin da ɗaya rawaya na ciyar da ni
a jikin tirotiro da allunan masu aski.

Na koma na tambayi Liyu, yaron shagon.
Ya ce mai zanen ya kwanta dama
shekara dubu ke nan, ko da 'yan kai.
Sunansa fa? Ya ɗaga kafaɗa,
ya nuna ɗan jan hatimi a kusurwa, tsatsar ƙusa ta cinye rabi.

Abin da kakarsa ta faɗa masa kawai ya riƙe:
wai magatakarda ne a wata fada,
ya rubuta haraji har yatsunsa suka yi masa tawaye.
Wata safiya ya ajiye hular aiki a kan kujera
ya bi sawun masu itace.
Shekara goma sha biyu yana kallon dutse guda
bai ɗiga tawada ba.
Ya kalle shi cikin ruwa, ya kalle shi da yunwa,
har ya gane dutsen da ya kwana
ba shi ke wayar gari ba.
Sai da gwiwa ta hana shi hawa
ya zauna a ɗaki mai yoyo,
ya dama kunkunniya da ƙaro
kamar yadda Malam Mijinyawa, ubana, ke yi a Abowabo,
ya rufe taga, ya zana.

Ya rufe taga fa.

Can ƙasa akwai mutum bisa gada,
bai kai ƙwayar shinkafa ba,
yana jan jakin da ya ƙi tafiya.
Kogin kuwa babu shi.
Farar takarda ce, bai taɓa ta ba,
amma sanyinsa ya kama ni a dunduniya.

Ni ban taɓa barin fili ba.
Direba ya biya, sai ya ce, Masta, cika nan,
in sa gaggafa, in sa zaki,
in sa fure a bakin zakin,
in rubuta Haƙuri Maganin Duniya har bisa murfin tankin mai.

Ran Lahadi na je bakin Oda
inda nake wanke buroshi ina yaro.
Ruwan ya koma kalar koko.
Wanda zai zana shi yau sai ya sayi fenti,
farar takarda ba za ta ɗauke shi ba.
Na tuna shagon, na tuna abin da ke cikinsa,
na tuna kalandar daga can ta fito,
na rasa wa zan yi wa fushi a kan jakin nan.

Shekaranjiya Maame Serwa mai dokunu ta ba ni allo.
Na zana kwano, na zana kifi ɗaya da barkono,
sama da kwanon na ɗaga hannu.
Rabin allo fari fat.
Ta ce, fentin ne ya ƙare?
Ta zaftare sidi ashirin, na karɓi saura ban ce uffan ba.

Da asuba na bi ta Kejetiya.
Wani mai tura baro ya tsaya gaban allon,
ya share gumi da hula,
ya ce wa abokinsa, mu ci nan,
ka ga da zafinsa.

Na dawo ɗaki. Takardar na bango, ƙusa ɗaya riƙe da ita.
Mutumin bai haye gadar ba har yanzu.