Shawar Gidan Sallau

Ranar Talata ta fara tari,
gurnani a bango, sai tsit,
ruwa ya ɗigo kamar mai rowa na ba da bashi,
ga sanyin Jos na asuba
da ke shiga ƙashi ba sallama.

Shekara goma sha ɗaya tana yi mana bauta.
Sallau ya kafa ta da hannunsa na dama,
wanda yanzu ke kwance a cinyarsa
tun ranar da ya faɗi a ƙofar shagonsa a Rikkos.

Na ce a kira Davou mai gyara.
Ya girgiza kai, ya nuna kujera.
Na ja shi har bakin banɗaki,
na rufe masa ƙafafu da bargo.

"Kashe wuta," in ji shi, harshe na jan kalma da ƙyar,
"daga babban akwati."
Na kashe. Ya sa na dangwala tasta sau biyu,
wai lantarki ba ya sanin matar gida.

Na hau tsani, tanki cike yake.
Na kwance kan shawar, ya toshe da farin dattin nan mai kama da kanwa,
na jiƙa shi a ruwan lemon tsami,
na tsokale ramukan da allurar ɗinkina.
Ba shi ba ne.
Fis lafiya lau.
"Buɗe murfin."
Noti huɗu, ɗaya ya gangara ƙarƙashin bokiti.
Ƙaurin ƙuna ya bugi hancina,
injin ya cije, waya ta yi baƙi,
tsatsa ta bi sawun ruwan da ya daɗe yana yoyo a ɓoye.
Ya leƙa, ya daɗe yana kallo.
"Ta gama," ya ce, ya kau da kai.

A Dilimi mai shago ya tambaye ni wa zai ɗaura.
Na ce ni.
Ya yi dariya, bai rage ko sisi ba.
Na rungumo kwalin a keke kamar jaririn wani.

Na rufe ruwa, zafi da sanyi.
Sifana ta zame, ta ɗauke min fatar yatsa.
Wayoyi uku, yana kiran launinsu ɗaya ɗaya,
ina maimaitawa kamar mai biya allo.
"Koriyar nan ita ke tsare rai. Ɗaure ta sosai."

Na kunna.
Ruwa ya feso ta gefe, ya jiƙa min ɗankwali,
na manta 'yar robar nan, tana cikin leda tana kallona.
Sai na ji sautin da na yi wata tara ban ji ba:
Sallau na dariya da rabin baki,
har da hawaye.

Karo na biyu ta ɗauka.
Tururi ya rufe madubi,
ruwa na dukan bokiti kamar mamakon Agusta a kan kwano.
Ya miƙa hagu, ya tara tafi,
ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsu.

Tsohuwar tana bayan ƙofa har yau.
Ya hana a ba 'yan gwangwan.
Tastar kuwa tana jakata,
tare da carbi da katin asibitinsa.