Tsokar da Ba Mai Saye

Shekara talatin Kanta, ubana, yana fawa a kasuwar Dole.
Ido rufe zai ware maka hanta da huhu,
tumbi, ƙoda, saifa, matsarmama.
Amma akwai wata tsoka fara-fara kwance bayan tumbi,
ba mai saye, ba mai tayawa,
magen rumfa yake jefa wa.
Ita ta ci shi.

Wata bakwai kowa na cewa shawara ce,
kuma kowa da tasa shawarar.
Mun jiƙa saiwa, mun dafa ganye,
mazagin wandonsa kullum ƙara tsawo yake.
Ciwon bai yi sallama ba,
ya lafe kamar kunama ƙarƙashin duwatsun Birni.
Ran da hoto ya dawo daga Yamai
likita ya ce dajin pankiriya ne, ya riga ya yi jijiya.
Baba ya ce a maimaita sunan. Aka maimaita.
Ya ce, to, ai ban taɓa yi mata kuɗi ba.
Muka yi dariya a barandar asibiti, mu uku.
Bai ga damina ba.

Yanzu ni ce ke kwana ɗakin bincike,
ni da firji mai tari in wuta ta yi rauni.
Abin da nake shiryawa, peftid sunansa,
ni dai guntuwar tsakiya nake ce masa:
duwatsu iri ashirin aka gina tsoka da su,
in zaɓi tara, in jera,
in cire na huɗu, in sa wani.

Inna ta tambaye ni amfaninsa.
Na ce, kin ga awaki da almuru
in sun dawo kiwo ta hanyar Garin Malam?
Ba mai kora, ba mai nuni,
kowace ta wuce ƙofa ɗari, ta tsaya a tata.
Irin wannan nake nema,
abin da zai bi jini, ya wuce lafiyayyu bai ce musu uffan ba,
ya tsaya ƙofar ciwon kaɗai.
Da fari in rataya masa fitila
don na'ura ta hango tun yana ƙwayar gero.
In ya iya hanya, sannan in shafa masa dafi.
Inna ta ce, akuyar da ke shiga gidan maƙwabta fa?
Na ce, su ne nake fama da su.

Arba'in da ɗaya sun ɓata.
Wasu sun manne wa hanta,
wasu sun narke tun ba su kai ba,
ɗaya ta kama kowa, ba ta bar kowa ba.
Na rubuta su duka, littafin ya kusa cika.

Daren Laraba, ta arba'in da biyu.
Na sunkuya kan madubin, na ga kore,
ɗan ƙyalli a gefen hagu, inda masu ciwon suke.
Dama duhu.
Ban yi guɗa ba. Faranti ne kawai,
ba ɓera ba, balle mutum,
kuma ido mai marmari yakan ga abin da babu.
Sai na maimaita sau uku.
Kafin in ɗauki hoto aka ɗauke wuta.
Na zauna, hannuna kan murfin firji.

Da safe na je Dole.
Lawali ne ke rumfar yanzu, wuƙar Baba a hannunsa,
bakinta ya sirance don wasawa.
Na ce ya ciro min tsokar nan ta bayan tumbi,
ina son in gwada a kan lafiyayya.
Ya ciro, ya juya ta a tafinsa, magen na kallo.
Ya ce, Tsahara, nawa zan ce miki?
Wannan ba ta da kuɗi.

Na ajiye masa dala hamsin kan katako.