Kitsen da Wuta Ba Ta Narkarwa

Shekara talatin da biyu ina bakin garwashi
a Wad Madani, daf da tashar motocin Sinnar,
ina yanka nama sirara, ina birkiɗa shi a ƙuli da yaji.
Agashe ke nan, sana'ar da kakana ya taho da ita a ƙafa
daga yamma, kan hanyar hajjin da bai ƙarasa ba.

Na san kitse kamar yadda na san 'ya'yana.
Na tantani daban, na ƙoda daban,
na jelar rago kuwa, in ya ɗiga a wuta
har masu raksha a tsallaken titi sai sun waiwayo.
Kuma kowane dare, ƙarshen faranti nawa ne.

Sai ga Dakta Intisar da takardar gwaji a hannu:
"Baba Dauda, kitse ya yi yawa a jininka."
Na yi dariya. Na ce, dube ni fa, sillen kara,
ina kitse zai sami wurin zama?
Ta ce ba a tumbi yake kwana ba.
Ta ɗau biro ta zana jijiya, ta cike gefe da gefe
har hanyar ta koma kamar kafar allura.
Nan dariyar ta tsaya.
Na tuna magudanar bayan rumfata,
yadda mai ke daskarewa cikinta da sanyin asuba,
ni nake sa ƙarfe ina zungura.

Na tuna Yaya Ilu.
Bara waccan, bayan La'asar, ya dafe ƙirji
ya ce kisira ce ta tsaya masa.
Kafin a samo mota ya cika.
Shi ma siriri ne.

Ƙwayar fara ce, ba ta kai wake ba.
Ɗaya kullum da dare, in ji ta,
kada ka bari don ka ji garau.
To, wannan shi ya fi ba ni wuya,
shan maganin cutar da ba ta ciwo.
Zazzaɓi yana sallama.
Haƙori yana ihu tun daga ƙofa.
Wannan kuwa baƙo ne da ya tuɓe takalmi
ya shigo a kan yatsu.

Tanimu mai shayi ya ce, zoɓo da tafarnuwa sun isa.
Na ce zuba min zoɓon, yana da daɗi.

Sati na uku cinyoyina suka yi tsami
kamar na yini ina dakan ƙuli.
Na bar sha, ban gaya wa kowa ba.
Sakina ce ta ɗauko fakitin daga ƙarƙashin matashi,
ta ƙirga ramuka da ɗan yatsa.
"Baba, kwana ashirin da biyar, rami ashirin da ɗaya."
Ba ta ƙara ko kalma ba.
Da safe na iske ta a ƙofa, ta riga ta sa mayafi.
Muka koma asibiti, likita ta saurara,
ta sauya min wata, ta ce da na zo tun farko.

Wata uku, aka sake ɗibar jini.
Ban iya karanta lambobin ba,
fuskarta na karanta.

Yanzu bayan Asuba ina bin bakin Nilu
har inda masu jirgin kamun kifi ke ɗaure igiya, in dawo.
Da dare ina nan dai bakin wutata,
kitse na ɗiga, hayaƙi na kiran mutane,
ban fasa ba, da shi nake sayen ƙwayar.
Sai dai ƙarshen farantin
wata jar kyanwa ce ta gaje ni,
har ta fara yin wuya.

Ina kallonta tana lasar baki.
In rufe rumfa, in wanke hannu sau biyu,
in ɓallo fara ɗaya daga raminta,
in ce bismilla,
in kora da ruwan tulu.