Mai Ɗaukar Batir

Ni ne yaron da ke ɗaukar batir.
Kada ku neme ni a hoton da aka liƙa a bakin tasha,
kafaɗata ce kawai ta fito, can gefen hagu,
da rabin kunne.

Nomau ya bar Ƙaurar Namoda a jirgin gyaɗa,
gurmi a hammata, kuɗin adashin ƙanwarsa a aljihu.
Shekara tara Ikko ta riƙe shi.
Ya dawo da tari,
da wando mai faɗin ƙafa,
da jan jita mai tsagaggen wuya.

Ya cire wayar birkin keke ya ɗaura wa gurmi,
ya huda ƙwaryar, ya zura mata igiyar lasifika.
Daren farko, a ƙofar gidan Barmo mahauci,
yana taɓa tsirkiya
karnukan Sabon Gari suka amsa baki ɗaya.
Tsofaffi suka ce an sa wa gurmi aljani.
Makaɗan noma suka ce ya sayar da kakansa.
'Yan hotal a Gusau suka ce ƙauyanci ne,
wa zai taka rawa da bashin taki?

Shi kuwa bashin takin yake rerawa,
da direban da ya kwana a Kwatarkwashi
saboda taya ta ƙi faci,
da matar da ke jiran jirgin Talata
har jirgin ya daina zuwa.

Da damina ya rasu, a ɗakin haya.
Mu bakwai muka raka shi.
Mai ɗakin ya riƙe jitar a bakin kuɗin wata huɗu.

Yau shekara talatin da ɗaya.
An kafa rumfa, an jera kujerun roba,
an sa sunansa a allon ƙarfe
a bakin lungun da ya bi bayan tasha.
Mai fenti ya haɗiye harafi ɗaya,
an ce za a gyara bayan taro.

Wani mai babbar riga ya karanta takarda,
ya ce da kiɗan Nomau aka yaye shi.
Na san ubansa.
Shi ne ya watso mana ruwan wanki ta kan katanga.
Na dubi takalmina.

Samari sun zo da jita uku da ganguna masu ƙyalli,
suna kaɗa abin da suka koya
daga kaset ɗaya tak da ya tsira,
wanda rana ta taɓa lanƙwasawa a tagar mota.
Inda zaren ya ja, su ma sai su ja,
inda ya shaƙe, su shaƙe,
sun ɗauka haka waƙar take.
Wallahi na so in gyara musu,
sai na ji ta fi daɗi a haka.

Ana tsakiya aka ɗauke wuta.
Janareto ya yi tari biyu, irin nasa, ya yi shiru.

Sai Ige ta dogara sanda ta miƙe,
Ige da har yau ba a biya ta kuɗin adashinta ba.
Ta kwance ƙullin tsohon zane:
ga ƙwaryar da hudarta,
ga wayar birki ta yi tsatsa.
Ta ce, "Ina yaron nan mai batir?"
Ni, da furfura har a gira.

Na kwanto na wata a-kori-kura da ke fake a gindin darbejiya,
na saɓa a kafaɗar nan da ta fito a hoto,
gwiwa tana ƙara, jama'a na buɗa hanya.
Jikar Barmo, 'yar aji uku, ta karɓi gurmin,
ta goge tsatsar da gefen hijabinta,
ta taɓa tsirkiya.

Can bayan tasha,
inda dogo ya nutse cikin ciyawa,
kare ɗaya ya amsa.