Rumbun da Ba Ya Ramewa

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Batumi,
ruwan sama na dukan rufin ofishin jiragen ruwa.
Ni kaɗai a ɗakin ƙasa, ni da uwar garke,
tana huci kamar saniyar da ta ci ta wuce misali.
Allo ya ce: saura kashi uku cikin ɗari.
Uku. Ko numfashin kirki ba zai shiga ba.

Tun la'asar nake roƙon mutane su share.
Manana ta zubar da hotunan bikin ƙanwarta,
Gocha ya zubar da rasiɗan shekara tara
yana gunaguni kamar ana cire masa haƙori.
Aka share, aka share, aka kuma share,
na duba faifai, ko gezau.

Ga abin da manya a bene ba sa son ji:
rumbun wasiƙu ba ya ramewa don an kwashe hatsinsa.
Ciki ya zama kogo, bango na nan daram,
girman da ya yi, ya yi ke nan.
In kana so ya tsuke, sai ka rufe ƙofarsa,
ka sake gina shi tubali bayan tubali a wani fili,
filin kuma sai ya ɗan fi shi faɗi.
Ka ji fa. Mai neman wuri
sai ya fara da samun wuri.

Na hau sama na aro faifan Eteri na ɗakin zane,
na bar mata takarda: zai dawo kafin shayinki ya huce.
Na yi kwafin ko-ta-kwana, na gwada shi sau biyu.
Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu,
ni kuwa an sare ni bara, a watan Maris.

Sai na ga akwatin Otar.
Gigabait arba'in da ɗaya, shi kaɗai.
Otar mai lissafi, da muka binne lokacin tsinkar inabi,
aka rasa mai ƙarfin halin rufe sunansa.
Har yau masu sayar da man jirgi
na aiko masa barka da sabuwar shekara.
Ban buɗe ba. Aikina awo ne, ba karatu ba.
Amma lamba ba ta da kara:
wasiƙu ɗari biyu da sha bakwai da bai aika ba,
duk da suna ɗaya a goshinsu,
sunan ɗansa da ke Hamburg.

Dokar ofis ta ce bayan wata shida a share.
Hannuna ya daɗe a kan madanni.
Na juye shi cikin ɗan faifai mai tsawon yatsa,
na sa a aljihun ƙirji na rufe maɓalli.

Ƙarfe ɗaya na sauke rumbun.
Wasiƙu suka yi layi a bakin ƙofa,
daga Istanbul, daga Barna,
daga wani kyaftin da ke jiran izinin shigowa.
Kashi sha biyu. Talatin.
A sittin da takwas ya ƙame minti hamsin.
Na ci burodi da cuku mai gishiri,
na zauna a kan hannuwana.
Rabin sana'ar nan haƙuri ne,
sauran rabin, kada ka taɓa.

Gab da wayewar gari ya kai ɗari.
Na ɗora shi, ya tashi, wasiƙu suka kwararo.
Fili ya koma kashi arba'in da huɗu,
hucin uwar garke ya sauka.

Ba wanda zai san an yi wani abu,
haka ake gane an yi shi daidai.
Na mayar wa Eteri faifanta, na fita cikin yayyafi,
aljihuna da nauyin da sikeli ba zai gani ba,
ina tunanin wa ke da lambar Hamburg,
da kuma ko ni ya dace in kira.